Riga Ɗaya a Shekara

Ya kai mai karatu, in Littafi Mai Tsarki yana kusa da kai, buɗe littafin Sama'ila na fari, sura ta 2, ka soma daga aya ta 12. Labarin da za ka tarar ba mai daɗin ji ba ne. Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli, firistoci ne a Shilo, amma sun mai da hadayar Ubangiji abin cika cikinsu. Mutum ya taso daga garinsu da dabbarsa, ya yanka, nama yana kan wuta, sai baran firist ya iso da cokali mai yatsu uku, ya caka cikin tukunya, abin da ya kamo ya tafi da shi. Wani lokaci ma ba a jira a ƙone kitsen: ko a ba da ɗanyen nama, ko a ƙwace da ƙarfi. In ka tsallaka zuwa aya ta 22 za ka ga abin ya ƙara muni, tsohon uba yana ta faɗa, ba mai saurarensa. To, a tsakiyar wannan ƙazamin labari akwai ayoyi huɗu, daga 18 zuwa 21, waɗanda mai sauri yakan wuce bai lura ba. A cikinsu an nuna mana ɗan yaro yana hidima a gaban Ubangiji, an kuma gaya mana cewa shekara shekara uwarsa takan yi masa ƙaramar riga, ta kai masa sa'ad da ita da mijinta suka tafi miƙa hadaya.

Shamgar ya ceci Isra'ila daga hannun Filistiyawa, amma aya guda ce ta ɗauke labarin yaƙinsa a Littafin Mahukunta. Ga shi kuwa an keɓe wa ɗinkin wata mata wuri a cikin Maganar Allah. Ya kamata mu tambayi dalili.

Ka tuna ko wace ce Hannatu. Matar Elkana ce, daga ƙasar tuddai ta Ifraimu, wadda ta yi shekaru ba haihuwa, kishiyarta Feninna tana yi mata gori. Mu mutanen ƙasar Rogo da Karaye ba sai an fassara mana zafin wannan ba. Mun san abin da habaici a bakin murhu yake yi wa zuciyar macen da ba ta taɓa goyo ba. Ta yi kuka a Shilo, ta yi wa'adi cewa in an ba ta ɗa za ta mayar wa Ubangiji shi dukan kwanakin ransa. Aka ba ta. Ta shayar da shi har yaye, sa'an nan ta ɗauke shi ta kai wa Eli. A wajenmu, in an tashi yaye, akan kai yaro gidan kaka ya yi 'yan kwanaki har ya manta da nono, a dawo da shi ɗakin uwarsa. Yayen Sama'ila babu dawowa. Hannatu ta koma Rama da zanen goyo, bayanta babu kowa.

A nan tambayar take, kuma ba ta Hannatu kaɗai ba ce. Kowannenmu da ya taɓa tsayawa gaban ikilisiya da jariri a hannu ya furta da bakinsa cewa yaron na Allah ne, amana ce kawai a wurinsa. To, in yaro na Allah ne, me ya rage wa uwa da uba? Akwai mai cewa ba abin da ya rage: na bar wa Allah, wanda ya tsaga baki ba zai hana shi abinci ba. Wannan maganar tana da kamannin bangaskiya, amma sau da yawa lalaci ne ya sa rigar ibada. Akwai kuma wanda ya ba da yaron da baki amma ya riƙe shi da hannu biyu, ba ya barinsa ya yi numfashi sai da izininsa. Hannatu ba ta bi ko ɗaya ba. Ta ba da ɗanta har ƙasan zuciyarta, ba ta taɓa zuwa karɓo shi ba, ko da yake da wuya a ce labarin 'ya'yan Eli bai kai kunnenta ba, tun da jama'a duka suna maganarsa. Amma kuma ba ta ce ai firistoci za su tufatar da shi ba. Ta nemi allura.

Kada ka ɗauka aikin yini ɗaya ne. A zamaninta ba kanti, ba keken ɗinki. Kafin a kai ga allura sai an yi kaɗi, an yi saƙa. Tsofaffinmu mata a Ruwan Bago sun fi malaman makarantar tauhidi gane nauyin wannan aya, domin sun yi irin aikin da hannunsu. Su za su gaya maka yadda ake gurzar auduga a fid da angurya, a shiɓe ta har ta yi laushi, a zauna da mazari da ɗan alli a yatsu ana kaɗi bayan an gama aikin gida, yau kaɗan gobe kaɗan, har zare da abawa su taru su isa a kai wa masaƙi. Rigar yaro ƙarama ce a ido, amma dare nawa ne a cikinta? Macen da ta yi watanni tana murza zare saboda yaro guda, to ta yi watanni tana tunaninsa. Ina kuma kyautata zaton wadda ta iya addu'ar da muke karantawa a farkon wannan sura ba da baki a rufe take kaɗin ba.

Yanzu ga abin da ya fi kama ni a cikin labarin, wato awo. Uwa a yau in za ta ɗinka wa ɗanta riga, takan kira shi ya tsaya a gabanta, ta auna da tef ko da taƙi, daga kafaɗa zuwa gwiwa, daga hammata zuwa hammata, ko ta shimfiɗa tsohuwar rigarsa a kan yadi ta bi da almakashi. Hannatu ba ta da yaron a gabanta. Rabonta da shi shekara guda. Awon da yake hannunta na bara ne, yaron bara kuwa babu shi. Ƙaramin yaro yakan ƙara tsawo kamar faɗin yatsu uku ko huɗu a shekara, kafaɗa ta buɗe, hannu ya miƙe. Dole ta zauna ta ƙiyasta: a ina kansa ya tsaya a jikina da ya rungume ni bara? Yanzu ya kai ina? Tana yanka yadi domin yaron da ba ta gani ba tukuna. In ta yanka daidai da wanda ta sani, rigar ba za ta shiga ba.

Mata masu ɗinkin yara suna da dabarar da suka gada don wannan matsala, ita ce kalmasa mai zurfi. Ba a yanke rigar yaro daidai tsawonsa. Akan bar saura a ƙasa, a naɗe ciki, a bi da zare. A gefe ma akan bar ɗan yadi a cikin ɗinki. Baɗi in ƙafa ta fito, sai a warware kalmasar a sauko da ita. Ka taɓa lura da rigar da aka saukar wa kalmasa? Akan ga wani layi a ƙasa inda launin bai koɗe ba, domin rana da sabulu ba su taɓa wurin ba. Wannan yadin yana nan tun ranar farko, yaron yana yawo da shi bai sani ba, an ajiye shi ne saboda girman da bai zo ba tukuna.

Reno haka yake, kuma a nan da yawa daga cikinmu muke kuskure. Akwai uban da ya auna ɗansa sau ɗaya, tun yana ɗan shekara bakwai, ya yanke hukunci: wannan ba shi da kan karatu, gona ce tasa. Shekara goma sun wuce, yaron ya canja, uban yana nan da tsohon awo, yana mamakin me ya sa ɗinki yake fashewa a gidansa. Akwai uwar da 'yarta ta zama budurwa mai hankali, amma har yanzu tana yi mata magana kamar mai shan nono. Yaron da aka matse shi a rigar bara, ɗaya daga cikin biyu ne zai faru: ko ya ƙanƙance kansa ya daina girma, ko ya yage ta ya fita, kuma in ya yage ba kullum yake dawowa ba. Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen. A sura ta 17 ta wannan littafi, Saul ya sa wa Dawuda kayan yaƙinsa, yaron ya kasa tafiya da su, sai da ya tuɓe. Yarinyar da ba ta kai shekara goma ba aka tura ta aikatau birnin Kano ko Kaduna don ta riƙa aiko da kuɗi gida, an sa mata rigar manya ke nan, kuma tuntuɓen da za ta yi a cikinta alhakinsa yana wuyan wanda ya sa mata. Na san talauci ne yakan kai iyaye ga haka, ban kuwa raina zafinsa ba. Amma ikilisiyar da ta ga ana shirin irin wannan tafiya ta yi shiru, ita ma sai ta ba da amsa. Kalmasa mai kyau ba ta sa riga ta ja ƙasa yau. Tana dai tanada wa gobe wuri.

Akwai wani abu kuma da Bahaushe zai gani a nan wanda baƙo ba zai gani ba. Sama'ila ɗan fari ne. Mun tashi mun tarar uwa tana kunyar ɗan farinta: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce take riƙonsa. Wasu matasa suna ganin wannan rashin ƙauna ne. Waɗanda suka girma a ƙarƙashin al'adar kuwa sun san inda ƙaunar take ɓuya: a tuwon da aka rufe aka ajiye ba a faɗi na wane ne ba, a 'yar sharar da aka aiko da ita ta hannun wani ba tare da saƙo ba. Bakin da kunya ta rufe, allura takan yi magana a madadinsa. Ba ina cewa Kirista ya tsaya a nan ba. Yaro yana bukatar ya ji albarka da kunnensa daga bakin iyayensa, kuma bishara ta ba mu 'yancin furta ta. Amma kai da kake tuhumar tsohuwarka cewa ba ta taɓa ce maka tana ƙaunarka ba, koma ka ƙirga rigunan.

Wani zai ce: duk wannan zancen dā ne. Yau ga gwanjo, ana kwance dila a Ƙofar Wambai, 'yan koli suna kawo shi har kasuwannin ƙauye, kuma sau da yawa rigar gwanjo ta fi yadi da zare da kuɗin tela araha. Gaskiya ne, ba kuwa zan ɗora wa kowa nauyin da Ubangiji bai ɗora ba. Rigar da aka ɗinka a gida ba ta fi ta kasuwa tsarki ba. Uwar da ta yini a gonar rake ko ta masara, ta dawo ta yi daka, ta yi girki, in ta sayo wa ɗanta gwanjo da guminta, ta yi aikin Hannatu. Sai dai akwai abin baƙin ciki da ya kamata mu sani. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya iso Kano a 1851, ya ba da labarin tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar nan, ana kai su har Timbuktu da Gat da Murzuk. An buɗe masaƙar Kaduna ta farko a 1957, audugarmu tana da inda za ta. Babbar masaƙar UNTL kuma ta rufe a 2007. Yau muna noma auduga a kai ta Funtuwa a gurje, 'ya'yanmu kuwa suna sanye da abin da yaran Turai suka gaji da shi. Ba laifin uwa ba ne. Amma gidan da babu mai iya riƙe allura a cikinsa ya yi asarar wani abu, ko da faci ne da mai da maɓalli. Kuma abin da ɗinki yake tilasta wa uwa, gwanjo ba ya tilastawa: sai ta duba yaron da kyau, ta taɓa shi, ta ga haƙarƙarinsa sun fito ko ya murmure, ta ga ƙurjin da yake ɓoyewa a bayansa.

Ke 'yar'uwata da kike da ƙyallen atamfa da ya ragu daga falle, kike jin kunyar kada a ce ɗinkin hannu ne, bari in ƙarfafa ki. Jiƙa yadin ki shanya kafin ki yanka, domin auduga takan tsuke a wankin farko. Ki buɗe wuya sosai, kan yaro ya fi yadda ido yake zato girma. Ki maimaita ɗinki a hammata da tsakanin ƙafafun wando, nan ne yake fara ɓarkewa. Jariri kada ki sa masa ƙananan maɓallai da zai tsinke ya kai baki. In kuma rigar hunturu ce, ki zaɓi auduga mai kauri ki guji yadin roba, domin yaranmu da asuba bakin wuta suke zuwa jin ɗumi, yadin roba kuwa in ya kama yakan narke ya manne a fata. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne a gaban Allah wanda ya ƙirga gashin kan yaron.

Sai mu zo ga Kirsimeti, inda riga takan zama jarraba. Bikin yakan same mu bayan kaka, da ɗan kuɗi a hannu, teloli ba sa barci, alkawari yana karyewa. Ba laifi ba ne yaro ya yi sabuwar riga don murnar haihuwar Mai Ceto. Laifin yana farawa ne ranar da aka sayar da hatsin da zai kai gida damina, ko aka ci bashi, don kada ɗan maƙwabci ya fi namu. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Laifin yakan girma in ya shigo cikin gida. Yakubu ya yi wa Yusufu riga ta musamman, 'yan'uwansa suka karanta abin da rigar take faɗa, ƙarshenta aka tsoma ta a jinin akuya aka kawo wa uban. Yara sun iya karatun tufa tun kafin su iya karatun allo. A gidan da akwai 'yan uba, ko maraya da ake riƙo, wanda aka ɗinka wa shadda da wanda aka ba kwancen wani duk sun ji wa'azin, ko fasto bai hau bagade ba. Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, ta tsawata wa masu ba mai kyakkyawar tufa wurin zama mai daraja su bar matalauci a tsaye. Malaman Makarantar Lahadi, ku duba wa kuke sawa a layin gaba ranar waƙar yara. Ku kuma matan zumunta, da kuka iya haɗa kuɗin anko cikin mako biyu, ku tuna da Dokas ta Yafa: da ta rasu, gwauraye ba su kawo wa Bitrus labarin wa'azinta ba, riguna suka ɗaga suna nuna masa suna kuka. Keke ɗaya a hannun zumunta, da ragowar ƙyallayen ankonku, ya isa a ce babu yaron da zai ƙi zuwa sujada saboda ba shi da abin sawa.

Kai kuma maigida, kada ka ce zancen mata ne. A ƙasar Hausa ɗinki tun asali sana'ar maza ce. Maza ne suke saƙar fari, su ne suke zaune a zaure da allura suna aikin aska takwas. Elkana ma bai bar Hannatu ta yi tafiyar Shilo ita kaɗai ba. Fiye da haka, wanda ya fara yi wa mutum tufa ta ƙwarai a cikin Littafi Mai Tsarki shi ne Ubangiji da kansa. A Farawa sura ta 3, bayan Adamu da Hawwa'u sun yi zunubi sun harhaɗa ganyen ɓaure, abin da ba zai kai yamma ba, Allah ya yi musu riguna na fata ya sa musu. Ka lura da lokacin: gab da fitarsu daga gonar ne. Ya san za su yi nisa, ya san ƙaya da sarƙaƙƙiya suna jiransu, bai kuma sallame su tsirara ba. Ba banza ba harshenmu ya kira tufa sutura, ya kuma kira rufin asiri da wannan suna. Uban da ɗansa ya ɓata masa rai har ya rantse ba zai ƙara saya masa ko bante ba, ya zauna da wannan sura tukuna.

Ubangiji ya ba Hannatu waɗansu 'ya'ya biyar, maza uku da mata biyu, hannunta ya cika da aiki. Sau uku kuma, a sura ta 2 da ta 3, aka maimaita mana cewa yaron yana girma. Kowane girma kuwa yana nufin rigar bara ta tashi daga aiki, wahalar watanni ta zama tsumma. Mai ɗinka wa yaro ya san tun yana zura zare cewa aikinsa ba zai daɗe ba, kuma in ya daɗe, to ba lafiya. Wata shekara ta zo da Sama'ila ya fi uwarsa tsawo, wata kuma ta zo da ba a ga Hannatu a hanyar Shilo ba.

Masana Ibrananci sun nuna cewa kalmar da aka kira 'yar rigar nan da ita, me'il, ita ce aka sake amfani da ita a sura ta 15, inda Sama'ila, ya riga ya tsufa, ya juya zai rabu da Saul, sarkin ya kama gefen rigarsa ta yage, annabin kuwa ya gaya masa haka aka yage mulki daga hannunsa. Ita ce kuma a sura ta 28, a daren Endor, inda matar nan ta ce ta ga tsoho yana tasowa lulluɓe da riga, Saul kuwa bai ƙara tambaya ba, ya san ko wane ne. Wani hannu ne ya ɗinka waɗannan na baya, da yadi mai yawa, da awon dattijo. Amma irin rigar da aka saba ganinsa da ita har sarki ya shaida shi da ita, a wani ɗaki a Rama aka fara yanka ta, ƙarama, da saura a ƙasa.